Soriyasis: Abin da masu cutar ke nema a waya, da abin da suke tararwa

Me ya sa mutumin da ya je asibiti, ya bi layi, ya ga likita, ya karɓo magani, zai dawo gida ya raba dare yana latsa waya yana neman wani maganin? Tambayar ta shafi masu cututtuka da yawa, amma ta fi fitowa fili a kan masu fama da soriyasis, wata cutar fata da ke yi wa mutum faci-faci masu kauri da farin ɓawo, galibi a gwiwa da gwiwar hannu da fatar kai da ƙugu. Duk shekara idan 29 ga Oktoba ta zagayo, ranar da aka ware wa cutar a duniya, sai ka ga masu ita sun fito a Instagram da TikTok suna nuna fatarsu ba ɓoye-ɓoye. A ƙarƙashin hotunan nasu kuma 'yan talla sun yi layi, kowa na rantsuwa cewa nasa haɗin zai kawar da ita cikin mako biyu.

Likitocin fata suna kukan cewa waya na ɓata musu aiki: mara lafiya ya ajiye maganin da aka ba shi, ya bi na wani bidiyo, ya dawo bayan wata huɗu jiki ya rikice. Masu cutar kuma suna cewa da likita ya zauna ya amsa tambayoyinsu, da ba su je ko'ina ba. Kafin a raba wannan gardama sai an san ita kanta cutar, domin halinta ne ya sa ta zama kasuwa mai ci ga mayaudara.

Wace irin cuta ce?

Fatar ɗan Adam kullum cikin sabunta kanta take. Ƙwayoyin halitta kan taso daga ƙasa, su hauro sama a hankali, su mutu su kakkaɓe ba mu ma lura ba, kuma wannan tafiya kan ci kusan wata guda. A jikin mai soriyasis garkuwar jiki ce ke ruɗewa, ta riƙa tayar da kumburi a fata alhali babu wata ƙwayar cuta da ta kawo hari. Sai fatar ta shiga gaggawa, tafiyar wata guda ta koma ta 'yan kwanaki. Ƙwayoyin da ba su gama nuna ba su taru a kan juna, shi ne ɓawon da ke zuba a wuyan riga da kan matashin kai.

Ba a ɗaukar ta. Musabaha, cin abinci a kwano ɗaya, kwanciya a shimfiɗa ɗaya, auratayya, babu wanda ke sa ta tsallaka daga jiki zuwa jiki. Gado yana da hannu, don kusan mutum ɗaya cikin uku na masu ita za ka tarar akwai wani mai ita a dangi, sai kuma abubuwan da ke tunzura ta: damuwa, ciwon maƙogwaro, rauni a fata, taba sigari, giya, ƙiba, bushewar iska irin ta hunturu, da wasu magunguna. Cikin magungunan nan har da kulorokwin da danginsa, wanda iyayenmu suka sha shekara da shekaru don zazzaɓin cizon sauro, da wasu magungunan hawan jini.

Kashi 80 zuwa 90 cikin 100 na masu ita irin mai faci-faci ce da su. Akwai mai fesowa ƙanana-ƙanana kamar ɗigon ruwa, wadda ta fi kama yara da matasa bayan ciwon maƙogwaro. Akwai mai zama a hammata da matsematsi da ƙarƙashin nono, ita ba ta cika yin ɓawo ba. Sai biyu masu haɗari: mai fitar da ƙurajen ruwa masu mugunya, da wadda ke mamaye kusan dukkan jiki, fata ta riƙa saɓa, mutum na rawar ɗari. Waɗannan biyun na gadon asibiti ne, ba a kwana da su a gida. Cutar kuma ba a fata kaɗai take tsayawa ba. Har kusan kashi 30 cikin 100 kan samu ciwon gaɓoɓi mai alaƙa da ita, kuma masu ita sun fi sauran jama'a fuskantar ciwon sukari, ciwon zuciya da ciwon damuwa.

A watan Mayun 2014 babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya amince cewa soriyasis babbar cuta ce mara yaɗuwa, mai daɗewa, wadda ba a samo maganin da ke raba mutum da ita ba. Rahoton da hukumar ta fitar a 2016 ya ce aƙalla mutum miliyan 100 ke ɗauke da ita. Ana iya kwantar da ita, fata ta yi sumul wata da watanni, wani lokaci har shekaru. Amma tana nan, tana lafawa tana tashi. A riƙe wannan, don shi ne mabuɗin duk abin da zai biyo baya.

Cutar da ba ta da suna a bakinmu

Mai nema a intanet da kalma yake nema. Bature ya rubuta sunan cutar, shafuka dubbai su buɗe masa. Bahaushe fa, me zai rubuta? A kan fatar kai a ce amosani ne ko makero. A jiki a ce kirci ne, ko ƙyasbi, ko ƙazuwa. Idan ta ƙi jin magani a ce sanyi ne, wannan babban buhu da muke zuba duk abin da ba mu gane ba. Idan ta daɗe, sai a fara raɗe-raɗin sammu, ko a ambaci kuturta a ƙasa-ƙasa. Ruɗanin da kuturta ba mu muka fara ba: a Turai ma ɗaruruwan shekaru aka yi ana haɗa su, sai a 1841 wani likita a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya, Ferdinand von Hebra, ya raba su sarai. To duk wanda ya rubuta "maganin makero" a waya, maganin makero za a ba shi, wato maganin kashe naman gwari, wanda ba ruwansa da soriyasis. Ya shafa wata uku a banza.

Ko da ya samu sunan, akwai wani shingen a gaba. Kusan duk bayanin da zai karanta zai ce masa facin ja ne, da ɓawo mai ƙyalli kamar azurfa. A farar fata ke nan. A baƙar fata facin kan zama ruwan toka, ko ruwan ƙasa mai duhu, ko ya ɗan yi shuɗi-shuɗi, kuma bayan ya kwanta yakan bar tabo baƙi ko fari na tsawon watanni. Mutum ya dubi hoton da ke waya, ya dubi hannunsa, ya ce ai ba ita ba ce. Matsalar ta kai har littattafan koyon likitanci, shi ya sa a 2020 wani ɗalibi ɗan asalin Zimbabuwe a Landan, Malone Mukwende, ya haɗa kai da malamansa suka tattara hotunan yadda alamomin cututtuka ke bayyana a baƙar fata, abin da ya ja hankalin duniya a lokacin.

An daɗe ana cewa soriyasis ba ta da yawa a Afirka ta Yamma, kuma alƙaluman asibitoci sun nuna ba ta kai yawan ta ƙasashen arewacin Turai ba. Sai dai wani babban nazari da aka wallafa a 2020 ya gano cewa kashi 81 cikin 100 na ƙasashen duniya ba su da bayanan yawan masu cutar. Wanda aka yi shekara biyar ana kiran ciwonsa kirci, a wane lissafi zai shiga?

Abin da ke kai su ga waya

Na taɓa zama a wani shagon aski ina jiran layi. Wani magidanci ya cire hula ya zauna a kujera. Mai aski ya ɗora inji, ya ga farin ɓawo a bayan kunne da ƙeya, ya janye hannu.

"Yallaɓai, wannan ba makero ba ne kuwa?"

"Ba shi ba ne. Ba a ɗauka, likita ya gaya mini."

Mai askin bai ce komai ba, ya yi askin da gefen yatsu, ya gama ya wanke injin da sifirit har sau biyu yana duban mu, kamar mai ba mu haƙuri. Mutumin ya ciro waya ya buɗe wani shafi na Turanci yana son nuna masa, amma wa zai tsaya karantawa? Ya biya, ya mayar da hularsa, ya fita.

Irin wannan ranar ce ke kai mutum ga waya da daddare. Likita ya ba shi sunan cuta da takardar magani cikin 'yan mintuna, don akwai mutum hamsin a waje suna jira, kuma ƙwararrun likitocin fata a Najeriya da Nijar 'yan kaɗan ne, mafi yawansu a asibitocin koyarwa na manyan birane. Tambayoyin da ke cinsa kuwa ba na cikin takarda ba ne. Yaya zan yi alwala a masallacin kasuwa ba a ƙura wa hannuna ido ba? 'Ya'yana za su gada? In gaya wa dangin wadda nake nema, ko in yi shiru? Mace kuma na tambayar ko za ta iya kitso da lalle, ko man nan zai taɓa cikin da take ɗauke da shi, ko me za ta ce wa mai wankin kai. Wasu tambayoyin ma kunya ba ta barin a yi su ido da ido, musamman idan facin ya fito a al'aura.

A kan wannan kuma sai a ɗora kalmar da ta fi kowace nauyi: "ba ta warkewa, sai dai a lallaɓa ta". Gaskiya ce, amma idan aka faɗe ta a tsaye ba bayani, abin da mara lafiya ke ji shi ne asibiti ya sallame shi. Wanda ruwa ya ci kuwa, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi.

Me ake tararwa a can?

A 2019 wasu masu bincike daga asibitin jami'ar Basel ta ƙasar Suwizalan suka ɗauki bidiyo 100 da aka fi kallo a YouTube kan soriyasis suka tantance. Jimillar kallon da aka yi musu ya haura miliyan 117. Sun samu cewa 52 daga ciki masu ɓatarwa ne, 11 kuma masu haɗari ne kai tsaye. Waɗanda aka gina a kan hujjar likitanci 20 ne kacal. Abin da ya fi ɗaure kai shi ne masu kallo sun fi yaba marasa ingancin fiye da masu inganci.

Ba wauta ce ta jawo haka ba. Bidiyon likita yana cewa "mai yiwuwa", "ga wasu mutane", "bayan mako takwas". Bidiyon mai talla yana nuna hannu mai ɓawo a hagu, hannu sumul a dama, da mace tana hawayen farin ciki. Manhajojin nan kuma an gina su ne don su riƙe ido, abin da aka fi tsayawa a kai shi suke ƙara turowa. Ka kalli bidiyo ɗaya na "yadda na rabu da ita har abada", gobe goma za su yi maka sallama.

To amma me ya sa shaidun ke kama da gaskiya? Saboda da yawansu ba ƙarya suke yi ba, kuskuren lissafi suke yi. Mutum ba ya neman sabon magani sai lokacin da cutar ta kai maƙura, kuma daga maƙura sauka take yi, ko an sha wani abu ko ba a sha ba. Wanda ya fara shan jiƙon darbejiya a ƙarshen hunturu, ya ga fata ta yi sauƙi da shigowar zafi da damina, zai rantse da Allah darbejiya ce, alhali iska ce ta daina bushewa. Zai ɗauki bidiyo ya yaɗa da zuciya ɗaya. Idan sanyi ya dawo cutar ta dawo, ba zai ɗauki bidiyo na biyu ba. Waɗanda suka sha ba su ga komai ba su ma shiru suke yi. Haka intanet ke cika da labarin nasara zalla.

Man da ke aiki kamar yankan wuƙa

Akwai kuma shaidun da ba kuskuren lissafi ba ne, man ya yi aiki da gaske, cikin kwana huɗu ko biyar. A nan ne haɗarin ya fi girma, kuma labarin tsoho ne.

A tsakiyar shekarun 1990 wani maganin fesawa mai suna Skin-Cap, da ake haɗawa a Sifen, ya yi tashe tsakanin masu soriyasis a Amurka. A jikin gwangwanin an rubuta sinadarin maganin amosani ne kawai, ana saye ba takardar likita, labarinsa ya bazu baki da baki har a intanet na farko-farkon nan. Hatta wasu likitoci sun yi mamakin ƙarfinsa. A 1997 aka gwada shi a ɗakin bincike, aka tarar da clobetasol a ciki, ɗaya daga cikin mafi ƙarfin magungunan sitiroyid na shafawa, wato masu kwantar da kumburi, wanda ba a ambata a jikin gwangwanin ba. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi ta hana shigo da shi. Bayan fiye da shekara 20, a 2019, hukumar magunguna ta Birtaniya ta sake yin irin wannan gargaɗi kan wani man "ganye zalla" mai suna Zudaifu da ake sayarwa ta intanet. Me aka samu a ciki? Clobetasol ɗin dai.

Sitiroyid ba guba ba ne. Shi ne ma maganin farko da likitan fata ke rubuta wa yawancin masu soriyasis, sau da yawa haɗe da wani man dangin bitamin D. Bambancin yana wajen ƙarfi, da wuri, da tsawon lokaci. Mai ƙarfi na gwiwa da tafin ƙafa ne na 'yan makonni. Fuska da matsematsi sai mai sauƙi. Har awo gare shi: abin da aka matso daga kan ɗan ali zuwa gaɓar farko ya isa ya shafe wuri mai faɗin tafin hannu biyu. Wanda aka sayar masa da shi a roba mara suna, aka ce masa ganye ne, zai lafta shi safe da yamma, jiki duka, wata shida. Fata ta yi siriri kamar takarda, nankarwa ta fito, jijiyoyi su bayyana, ƙuraje su samu wurin zama. Idan ya shiga jini da yawa fuska ta kumbura, sukari ya hau. Ranar da ya daina kuma cutar ta dawo da ƙarfin da ya fi na da, sai ya koma wurin mai talla, shi kuma ya ce ai dattin ciki ne ke fitowa, a ƙara roba biyu.

A wajenmu ba sai an je intanet ba ma. Mayukan nan masu haɗi uku da ake saya a kowane kemis don "ƙuraje", da mayukan bilicin da yawa, suna ɗauke da sitiroyid irin su betamethasone ko clobetasol, sau da yawa mai iya karatu zai gani a jikin kwalin. Mafi muni shi ne sitiroyid na ƙwaya da allura, irin su prednisolone da dexamethasone, wadda wasu ke sha don ƙiba. Suna share fata cikin kwanaki, amma yanke su farat ɗaya na daga cikin sanannun hanyoyin da soriyasis ta yau da kullum ke rikiɗa ta koma mai mugunya ko mai mamaye jiki. Shi ya sa likitocin fata ke guje musu a wannan cuta.

Sai ga wani ɓangaren kuma ya taso a TikTok, masu tsoratar da mutane daga sitiroyid kwata-kwata, suna nuna fuskokin da suka ɗaye bayan an daina shafawa. Matsalar da suke nunawa akwai ta, hukumar magunguna ta Birtaniya ma ta fitar da bayani a kanta a 2021, amma ta fi samun waɗanda suka daɗe suna shafa mai ƙarfi ba ƙa'ida. Sakamakon tsoron shi ne uwa ta karɓo man da ya dace da ɗanta, ta jefa shi a durowa.

Abinci, ƙaho da rana

Babu tambayar da ake maimaitawa kamar "me zan daina ci?" Wani ya ce alkama, wani madara, wani tumatir da gauta, wani jan nama. Abin da bincike ya fi tsayawa a kai ɗan kaɗan ne: mai ƙiba idan ya rage nauyi cutar kan yi sauƙi, magani ma ya fi kama shi, barin alkama kuma yana amfanar waɗanda gwaji ya nuna jikinsu ba ya jituwa da ita ne kawai. Barin taba da giya ya fi duk wata doguwar dokar abinci amfani.

Man kaɗanya da basilin suna tausasa ɓawo su rage ƙaiƙayi, wannan kam babu musu, kuma a hunturu wajibi ne. Rana daidai gwargwado tana taimakon mutane da yawa, asibitoci ma suna da na'urar haske ta musamman da ake shiga sau biyu ko uku a mako. A garin Kangal na Turkiyya har wani tafkin ruwan ɗumi ake zuwa, inda ƙananan kifaye ke tsattsage ɓawon, kuma bidiyonsa na samun 'yan kallo sosai. Ɓawon yana tafiya, ya kuma dawo.

Abin da ya kamata a ja kunne a kai shi ne duk wata shawara da ke raunata fata. Tun a shekarun 1870 wani likitan Jamus, Heinrich Koebner, ya lura cewa a jikin mai soriyasis sabon faci kan fito daidai inda fata ta ji rauni. Ke nan tsaga, da ƙaho, da dirza wurin da soso mai kaushi ko dutsen goge kaushi, da ɗora tafarnuwa ko lemun tsami har su ƙona, duk suna iya shuka cutar a inda babu ita.

Alluran taurari

A ɗaya gefen akwai bayanin da gaskiya ne, amma ba don mu aka tsara shi ba. A shekaru 20 da suka wuce an samu allurai na zamani, irin su adalimumab da secukinumab, masu toshe ainihin saƙon kumburin da garkuwar jiki ke aikawa, kuma suna share fatar mutane da yawa kusan tas. Amurka da Niyu Zilan ne suka yarda a tallata wa jama'a maganin da sai likita ya rubuta, amma intanet ba ta san iyakar ƙasa ba, tallar na iso mu. Mawaƙiya Cyndi Lauper ta fito a tallar ɗaya daga cikin alluran. Kim Kardashian, wadda ta bayyana tana da cutar tun 2011, duk abin da ta ce ta gwada sai miliyoyi sun gani. Alluran nan kuɗinsu dubban daloli ne a shekara, suna buƙatar firji, kuma kafin a fara sai an yi gwajin tarin fuka da ciwon hanta, cututtuka biyu da ke da yawa a yankinmu, don allurar na iya tayar da wanda ke kwance.

Wanda ya fi kusa da aljihun talaka shi ne methotrexate, tsohon magani mai arha da ke aiki sosai a hannun likita. Shi kuma a nan ne guntun ilimin intanet ke kisa: sau ɗaya ake shan sa a mako. Mutane sun mutu a ƙasashe daban-daban saboda sun sha shi kullum bisa kuskure. Yana buƙatar gwajin jini da na hanta lokaci-lokaci, kuma haramun ne ga mai ciki ko mai shirin ɗauka. Wanda ya ga sunansa a Facebook ya je kemis ya saya, babu mai gaya masa ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Abin da waya ke bayarwa wanda asibiti ba ya bayarwa

Duk da haka ni ba na cikin masu cewa a ajiye waya. Yarinyar da ta yi shekara uku tana sa doguwar safa da zafi, tana zaton ita kaɗai ce Allah Ya jarabta da wannan, ranar da ta ga wata mai irin fatarta ta yi aure ta haihu tana sana'arta, ta samu abin da babu shi a kantin magani. A 2015 wata 'yar Birtaniya, Holly Dillon, ta fara gangamin #GetYourSkinOut, inda masu cutar ke ɗora hotunansu yadda suke, kuma ya bazu ƙasashe da dama. Tsakanin masu cutar ne ake koyon dabarun yau da kullum: a shafa mai jiki na da danshi bayan wanka, a guji ruwa mai zafi sosai, a jiƙa ɓawon kai da mai tun dare maimakon a ɓanɓare shi, a zaɓi yadi mai haske don kada zubar ta nuna a kafaɗa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A nan ne kuma wasu ke fara jin cewa ciwon dunduniya, ko sandarewar gaɓoɓi da safe, ko yatsa ya kumbura suntum, suna da alaƙa da fatar, su garzaya asibiti kafin gaɓar ta lalace, domin lalacewar gaɓa ba ta gyaruwa.

Sai dai a lura da hoto. Wanda aka tura wa zauren WhatsApp mai mutum 200 ya fita daga hannun mai shi, yana iya ƙarewa a tallar wani a matsayin "kafin a sha", ko a wayar dangin miji. Iyaye masu ɗora hoton 'ya'yansu suna neman shawara su tuna cewa yaran za su girma.

Yadda ake rairaye tsakuwa

Alama mafi sauƙi ita ce alkawari. Duk wanda ya ce zai raba ka da soriyasis har abada, ko bai san cutar ba ko ya san abin da yake yi. Daga nan sai a duba ko mai bayanin shi ne mai sayarwa, ko an rubuta abin da ke cikin robar, ko maganin nasa na soriyasis ne da basir da sanyi da ƙarin ƙarfi a lokaci guda. Lambar NAFDAC, hukumar kula da abinci da magunguna ta Najeriya, ma a karanta ta da kyau: kayan ganye da yawa masu lamba, a jikinsu an rubuta da Turanci cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin warkarwar ba. Ga mai jin Turanci, shafin hukumar lafiya ta Ingila, NHS, da DermNet na likitocin fata na Niyu Zilan, suna da bayani mai tsafta. Manhajojin ƙirƙirarriyar basira na iya fassara bayani da taimaka wa mutum ya tsara tambayoyinsa, amma hoto bai isa a yanke hukunci ba, don makero da kirci da wasu cututtukan ma da suka fi su nauyi kan yi kama da soriyasis, wani lokaci sai an yanki ɗan guntun fata an duba.

Likitoci ma da nasu laifin. Mara lafiyar da ya ce "na gani a waya" aka harare shi, ba zai daina dubawa ba, faɗa ne zai daina. Kuma abin da ya ɓoye shi ne abin da likita ya fi buƙatar sani. Wata 'yar uwata da ta yi fama da cutar ta gaya mini yadda ta je ganin likitan fata da baƙar leda a jaka, tana ta wasi-wasin ko ta fito da ita. Da ta gama bayani likitar ta dubi hannunta, ta ga yadda fatar ta yi siriri, ta ce, "Hajiya, me kike shafawa ban da wanda aka rubuta miki?" Sai ta zazzage ledar a kan tebur: kwalaye huɗu na kemis, roba biyu marasa suna da ta saya ta Instagram, da ƙullin garin magani. Likitar ta ɗauki kwalayen ɗaya bayan ɗaya tana nuna mata ƙananan rubutun da ke gefe da bakin biro. Uku daga cikin huɗun sinadari ɗaya ne da sunaye daban-daban. Ta ce kada ta yanke su rana ɗaya, ta rubuta mata yadda za ta riƙa ragewa mako-mako, ta tura ta gwajin sukari, sannan ta ce idan za ta dawo ta zo da wayar, su kalli bidiyon tare.